Gyaran filin gida a ƙasar hamada: inuwa tukuna, furanni daga baya

Tambaya: Na kammala ginin gida a yankin da ruwan sama bai taka kara ya karya ba, zafin rana kuwa ba a magana. Akwai fili gaba da baya, duk rairayi ne da tarkacen gini. Ina so in shimfiɗa koriyar ciyawa, in dasa furanni, in kuma samu wurin da iyali za su riƙa zama a waje. Ruwanmu na rijiyar burtsatse ne, kuma ba shi da yawa. Ta ina zan fara?

Amsa: Malam, Allah ya sanya alheri, ya sa a shiga a sa'a. Shawarar da zan fara ba ka ita ce ka ɗan jingine maganar ciyawa da furanni. Abin da zai sa iyalinka su fito waje su zauna shi ne inuwa, da ƙasar da ba ta ƙona ƙafa, da iskar da ba ta watsa musu ƙura a ido. Idan waɗannan uku suka samu, ko da tukunyar fure biyar ce a filin zai yi daɗin zama. Idan ba su samu ba, sai dai a riƙa kallon furannin ta taga.

Ana kiran wuri hamada ne idan ruwan da yake samu a shekara bai kai milimita 250 ba. A hamada mai zafi kuma, rana da iska suna iya ɗauke sama da milimita 2,000 a shekara daga buɗaɗɗen ruwa. Wato duk wani koren da ka gani a gidanka, kai ne kake biyan giɓin da ke tsakanin waɗannan lambobi biyu daga tankinka. Ciyawar ado ita ce ta fi kowa ci. A birnin Las Vegas na Amurka, hukumar ruwa ta yankin ta fara biyan masu gidaje kuɗi tun 1999 don su tuge ciyawarsu, domin ta lissafa cewa kowane murabba'in mita da aka mayar da shi shuke-shuken hamada yana rage sama da lita 2,000 a shekara. A 2021 jihar Nevada, inda Las Vegas yake, ta kai ga yin dokar hana ciyawar da ba a amfani da ita sai don kallo a gaban ofisoshi da bakin tituna. Ka ɗauki murabba'in mita 100 na filinka ka ninka da lita 2,000, za ka ga lita 200,000 ke nan a shekara. Da wannan ruwa za ka raini itatuwan da za su lulluɓe gidan gaba ɗaya, har da rara.

To kafin ka sayi ko da tsiro ɗaya, ka yi 'yan kwanaki kana kallon rana a filin. Ka fita da hantsi, ka fita da tsakar rana, musamman kuma ka fita tsakanin ƙarfe uku da biyar na yamma, ka sa tafin hannu a jikin kowane bango. Za ka tarar bangon yamma ne ya fi kowanne zafi, domin rana tana dukansa a karkace a daidai lokacin da iska ma ta gama zafi. Bulo da kankare suna shan wannan zafi su riƙe shi, sai cikin dare su riƙa sakinsa cikin ɗaki. Nan ne wurin itacenka na farko da na biyu, nesa da bango kamar mita huɗu zuwa biyar don saiwa da rassa su samu wuri. Wurin zaman yamma kuwa gabashin gida ya fi dacewa da shi, tunda ginin kansa yana jefa masa inuwa daga azahar zuwa faɗuwar rana ba tare da ka kashe komai ba. Mutane da yawa suna kafa rumfa a inda fili ya fi faɗi, su manta da duba inda rana take, daga baya rumfar ta koma wurin ajiye kaya.

Inuwa iri biyu ce, kuma ba ɗaya suke ba. Rufin kwano yana tare hasken rana, amma shi kansa yana ɗaukar zafi ya riƙa turo shi kan wanda ke ƙarƙashi. Ganyen itace kuwa yana fitar da ruwa, kuma kowace lita ɗaya da ta zama tururi tana tafiya da zafin da ya kai kilojul (ma'aunin yawan zafi) 2,400, shi ya sa gindin itace yake da sanyin da rumfa ba ta da shi. Sai dai itace yana bukatar shekara uku zuwa biyar kafin a zauna a ƙarƙashinsa, don haka ka yi duka biyun: rumfa don yanzu, itace don gaba. Rumfar ta yi tsawon akalla mita uku daga ƙasa zuwa rufi, gefunanta a buɗe, rufin kuma na katako jere ko kara ko ragar inuwa. Idan dole sai kwano, a sa mai farin fenti, a yi masa silin da abin tare zafi a tsakani. A wuraren da sanyi yake tsananta a wani ɓangare na shekara, inabi a kan rumfa abu ne mai kyau, domin yana cika da ganye lokacin zafi ya kuma zubar da shi lokacin da ake neman rana.

Kada kuma ka rufe ko'ina. Busasshiyar iska ba ta riƙe zafi, da rana ta faɗi ƙasa takan saki zafinta zuwa sararin sama, wurin da ba shi da rufi ya riga mai rufi yin sanyi. Ka bar wani ɗan dandali a buɗe kusa da rumfar don zaman dare. A gidan hamada mafi yawan zaman waje bayan magariba ake yinsa, don haka wannan dandali ya cancanci kulawa kamar rumfar.

Abin da na fi takaicin gani a sababbin gidaje shi ne a malale filin duka da siminti ko intalok daga ƙofa zuwa katanga, wai don tsabta. Gidan sai ya koma tanda. A birnin Phoenix na Amurka, inda a 2023 aka jera kwana 31 zafi bai sauka ƙasa da digiri 43 a tsakar rana ba, asibitoci sun riƙa karɓar mutanen da suka ƙone don kawai sun faɗi a kan kwalta ko daɓe. Baƙar tsakuwa ma haka take. Ciyawar roba kuwa, wadda ake tallarta a matsayin maganin ƙarancin ruwa, tana iya wuce digiri 60 a rana, yaro ba zai iya taka ta ba takalmi ba. Farin tayil yana da nasa aibin, domin yana mayar da haske cikin ido da cikin tagogi. Ka daɓe inda za a zauna da inda za a bi kaɗai, da dutse ko bulo mai launin ƙasa, kuma gwargwadon iko ya kasance a inuwa. Sauran filin a bar shi yana shan ruwa. In kana shakkar wani abin daɓe, ka karɓi samfurinsa guda ɗaya, ka ajiye a rana, ka ɗora bayan hannunka a kai da ƙarfe biyu.

Sai ruwan sama, wanda ka ce bai taka kara ya karya ba. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Idan rufinka murabba'in mita 150 ne, aka yi ruwan milimita 100 kacal a shekara, lita 15,000 ce ta sauka a kansa, kuma za ka iya kama kusan kashi huɗu cikin biyar. Ruwan hamada yakan zo ne a guje, ya zuba cikin sa'a ɗaya ya wuce, kuma yawancin gidaje an gina su ne don su kore shi zuwa titi. Kai ka juya abin. A karkata ƙasa ta gangara daga jikin gini, kowane indararo ya zuba cikin kwari mai faɗi marar zurfi, kamar santimita 15 zuwa 20, akalla mita uku daga harsashin gida, a dasa itatuwa a bakin waɗannan kwaruruka. Kowane kwari a yi masa mafita don ranar da ruwa ya fi ƙarfinsa. Birnin Tucson na Amurka ya ɗauki wannan da muhimmanci har ya yi doka a 2008 cewa sababbin gine-ginen kasuwanci su samar da rabin ruwan shuke-shukensu daga ruwan sama. Falalar wannan ruwa ba a yawansa kaɗai take ba: ba shi da gishiri, yana wanke wanda ruwan rijiya ya tara a ƙasa. Wannan aikin ƙasa shi ake fara yi, kafin daɓe, kafin dashe, domin gyara shi daga baya yana nufin fasa abin da aka riga aka gina.

Ruwan da ke hannunka kuma kada ka raba shi daidai wa daida. Ka ware ɗan ƙaramin wuri a jikin inda ake zama, nan za ka tara duk abin da ke son ruwa: furanni, tukwane, itacen marmari ɗaya ko biyu. Bayansa sai itatuwan inuwa da ƙananan bishiyoyin da ake shayarwa jefi-jefi. Can bakin katanga kuma sai waɗanda in sun kafu ruwan sama ya ishe su. Manoman dausayin Sahara sun daɗe da sanin amfanin tara shuka wuri ɗaya hawa-hawa: dabino a sama, rumman da ɓaure a ƙarƙashinsa, ƙananan shuke-shuke a ƙasa, kowanne yana kare na ƙasa da shi daga rana. Tsofaffin gidajen Yazd a Iran da na Ghadames a Libiya ma ba faffaɗan fili suka dogara da shi ba, matsattsen wuri ne mai dogayen bangaye da ke inuwantar da kansa. Ƙaramin wuri mai cike da kore ya fi faffaɗan fili mai tsiro ɗaya nan ɗaya can, ga ido da kuma ga tanki. In ranka yana kan ciyawa saboda yara, ka yi mata murabba'in mita 15 ko 20 a cikin wannan wuri na kusa, ka sa ƙiri-ƙiri, wadda ake kira Bamuda, don tana jure zafi da gishiri da tattaki. Ka yi mata iyaka mai zurfi da kankare, in ba haka ba za ta kutsa cikin furanninka.

Ban ruwa na ɗigo shi ya dace da kai. A hamadar Negev ta Isra'ila aka mayar da shi sana'a a 1965, bisa aikin injiniya Simcha Blass, kuma idan an kafa shi daidai kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan yana isa saiwa. Amma a nan ne aka fi yin kuskure. Mutum zai sa kan ɗigo ɗaya a jikin gindin itace, ya riƙa kunnawa minti goma kullum, shekara da shekaru. Saiwar sai ta taru a sama a dunƙule, itacen ya yi tsawo ba tushe, iska mai ƙarfi ta farko ta kwantar da shi. Itace yana son ruwa mai yawa a lokaci ɗaya, sannan a bar shi kwanaki. Ruwan ya nutse kamar santimita 30 ga ƙananan tsirrai, 60 ga matsakaita, 90 ga itatuwa. Gane hakan ba wuya: ka samu rodi mai tsawon mita ɗaya, bayan ban ruwa da wasu sa'o'i ka danna shi cikin ƙasa. Zai shige sumul a inda ta jiƙa, ya tsaya cak a inda ta bushe. Ka riƙe wurin da yatsa, ka zaro, ka auna. Kan ɗigo yawanci lita biyu ko huɗu yake zubarwa a sa'a, don haka kai wa santimita 90 aikin sa'o'i ne, ba na mintoci ba. Duk shekara kuma a ƙara kawuna, a matsar da su waje zuwa ƙarƙashin bakin rassa, domin can saiwoyin da ke shan ruwa suke. A sa matata a bakin layi, a binne tiyo ko a rufe shi don rana tana cinye roba, a yi ban ruwa da asuba. Inda babu halin wannan, tulun yumɓu marar fenti da aka binne har wuya aka rufe bakinsa yana yin aiki mai kyau ga ƙananan tsirrai, yana tsattsafo da ruwa gwargwadon bushewar ƙasa.

Tunda ruwan burtsatse ne, ka kai shi a auna gishirinsa kafin ka zaɓi abin dasawa. Bayan 'yan watanni da fara ɗigo, ka durƙusa ka duba: za ka ga wani farin zobe a ƙasa, daidai inda laima ta ƙare. Gishiri ne ruwa ya tura can ya bari. Idan bakin ganye ya fara ƙonewa alhali ƙasa tana da laima, sau da yawa shi ne dalili, kuma ƙara taki yana ƙara ɓata lamarin. Maganinsa a riƙa yin ban ruwa mai tsawo, ninki biyu na yadda aka saba, sau ɗaya a 'yan watanni, don a tura gishirin ƙasa da saiwa. Idan aka yi yayyafi kaɗan kuma, kada ka kashe ɗigo ka ce an huta, domin yayyafin yana narkar da zoben ya mayar da shi kan saiwa. Ruwan wanka da na wanki yana iya ciyar da itatuwa in an zuba shi ƙarƙashin ƙasa a ranar, ba a ajiye shi ya kwana ba, kuma ba mai bilic ba. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki ma kada a bari ya zube a banza, ba shi da gishiri.

Ƙasar sabon gida sai an yi mata aiki. A kwashe ɓaraguzan siminti da fasassun bulo duka, kada a binne su. A haƙa ramin gwaji mai zurfin rabin mita, a cika shi da ruwa, in ya tsotse a sake cikawa. Idan ruwan na biyu ya wuce kwana ɗaya bai tafi ba, akwai matsala. A hamada da yawa akwai wani ɓawo mai taurin dutse a ƙarƙashin rairayi, na farar ƙasa da ta dunƙule, kuma dole a huda shi, in ba haka ba itacen zai ruɓe a tsakiyar fari. Ramin dashe ya ninka faɗin ledar tsiron sau biyu ko uku, amma kada ya fi ta zurfi. A mayar da ƙasar wurin, kada a cika ramin da taki zalla, don saiwar za ta ƙi fita daga cikinsa. Lokacin saye ka zare tsiron daga leda ka dubi saiwarsa. In ta nannaɗe tana zagaye kanta, ka bar shi ko da ya fi sauran tsawo. Ƙaramin tsiro mai lafiyayyar saiwa yakan kamo babba cikin shekara biyu ya wuce shi. A yi dashe bayan zafi ya karye, don tsiron ya samu watanni yana kafuwa kafin wata bazara. A rufe gindinsa da busasshen ganye ko ɓawon itace mai kaurin santimita 5 zuwa 10, ba tare da ya taɓa jikin itacen ba.

Game da abin dasawa, ka fara da zagaya tsofaffin unguwannin garinku da bayan gari, ka ga abin da yake raye ba mai kula da shi. Wannan ya fi kowane littafin talla. A hamada mai zafi, kurna da magarya da aduwa da bagaruwa suna jure fari ƙwarai, darbejiya tana ba da inuwa mai kauri da sauri inda ba a yin sanyi mai daskarewa, lalle yana yin shinge mai kyau da ƙamshi, rumman da zaitun suna haƙuri da ƙasa mai gishiri-gishiri, bugenbiliya kuma ta fi yin fure idan an ɗan rage mata ruwa. Masu ƙaya a kai su bakin katanga, nesa da hanya da wurin wasa. Dabino mutane suna ɗauka ba ya shan ruwa don suna ganinsa a hamada, alhali Larabawa cewa suke yi ƙafarsa cikin ruwa, kansa cikin wuta. Yana sha sosai, inuwarsa kuma kaɗan ce, don haka ɗaya ko biyu sun isa. Ka guji bishiya mai ƙaya da ake kira Prosopis juliflora, wadda aka kai ƙasashe da dama don yaƙi da hamada ta koma annoba a Habasha da Kenya da Sudan. Ka guji dasa itacen Conocarpus kusa da gini, domin saiwarsa tana bin bututun ruwa da na bayan gida, har jihar Gujarat ta Indiya ta hana dasa shi a 2023. Kariya da oliyanda suna da kyawun fure da juriya, amma dukansu suna da guba, kuma a gidan da ke da ƙananan yara ni ba na sa su inda hannu zai kai.

Iska mai ƙura ba a tare ta da toshewa gaba ɗaya. Katanga zalla takan sa iska ta haura ta faɗo da ƙarfi a bayanta tana juyi, ta zube rairayi a nan. Jerin itatuwa ko shingen da ke barin kusan rabin iskar ya ratsa shi ya fi, kuma kariyarsa tana kaiwa nisan da ya ninka tsawonsa kamar sau goma. Ka san ɓangaren da iskar ƙura take fitowa, ka ƙarfafa shi, ka bar ɓangaren iskar dare a sake.

Idan kana son ruwan ado, ya zama ƙarami, a inuwa, kusa da wurin zama, kuma yana gudana, don sauro yana iya ƙyanƙyashewa ya tashi cikin mako guda a ruwan da ke tsaye. Wurin ninƙaya mai murabba'in mita 30 kuwa zai iya rasa lita 60,000 a shekara ga rana kaɗai in ba a rufe shi. Kujerun ƙarfe da na roba ba sa shiri da rana, dakalin gini a inuwa da matasan da ake shigarwa ciki ya fi daɗewa. Fitilu su zama ƙasa-ƙasa masu launin rawaya, don farar fitila mai ƙarfi tana tara ƙwari, ƙwari kuma suna jawo kunama. Saboda haka ne ma ba a tara duwatsu ko itace a jikin bango ko kusa da inda yara ke zama.

Shekara biyun farko su ne masu wuya. Ko itacen da ya fi kowanne jure fari yana bukatar ruwa a kai a kai har ya kafu: kwana biyu-biyu ko uku-uku a makonnin farko, sannan a riƙa tsawaita tazara ana ƙara yawan abin da ake ba shi. Kada ka yi gaggawar sare ƙananan rassan ƙasa don itacen ya miƙe, su ne suke kare ɓawonsa daga ƙunar rana, suke kuma ƙara wa gindin kauri. In ka ɗaure shi da turke, ɗaurin ya zama sako-sako yadda zai riƙa motsi da iska, kuma a kwance shi bayan shekara ɗaya. Idan sabon ganye ya fito rawaya jijiyoyinsa na kore, ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, wanda ya zama ruwan dare a ƙasar hamada, kuma yawan ban ruwa yana tsananta shi, don haka ka danna rodinka ka duba laima kafin ka sayi magani. Furannin da kake so kuwa, ka fara da su a manyan tukwanen yumɓu a ƙarƙashin rumfa, inda rana ta safe kaɗai za ta same su, ka mayar da su ƙasa idan itatuwan sun fara yin inuwa.